Hutar da Dabbar da Aka Fid da Rai da Ita: Yadda Lamarin Yake a Ƙasar Haɗejiya

A aikin likitan dabbobi akwai matakin da magani yake ƙarewa. Ƙashi ya dagargaje yadda ba zai ɗoru ba, ko hanji ya murɗe ya ruɓe, ko cuta ta kai ƙwaƙwalwa. Daga nan abin da ya rage a hannun mutum shi ne zaɓi tsakanin mutuwa iri biyu: wadda za ta ɗauki kwanaki dabbar tana shure-shure, da wadda za ta zo cikin 'yan mintoci ba ta sani ba. Ta biyun ita ce hutar da dabba, wato a kawo ƙarshen rayuwarta da gangan ta hanyar da hankalinta zai gushe kafin numfashi da zuciya su tsaya, ba firgita, ba raɗaɗi. Niyya da hanya su ne suka raba wannan aiki da sauran kisa. Don ita dabbar ake yin sa, bayan an tabbatar ba abin da ke gabanta sai ƙarin wahala, kuma da yardar mai ita, in ban da cututtukan da ke barazana ga jama'a, waɗanda hukuma ke da ikon yanke hukunci a kansu.

A Turai da Amurka in ana wannan zance karnuka da kyanwoyin gida ake nufi, kuma aiki ne na yau da kullum a asibitocin dabbobi. Tun 1963 ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka take fitar da ƙa'idojinsa, tana sabunta su lokaci-lokaci. A ƙasar Haɗejiya dabbobin da abin ya shafa daban ne. Akwai dokin hawa, akwai jakin da ke ɗauko ruwa da taki, akwai bijiman huɗa da amalanke, da raƙuma, da karnukan farauta da na makiyaya, sai kyanwar da ke tsare rumbu daga ɓera. Duk dabbobin aiki ne, amma hakan bai hana shaƙuwa ba. Wanda ya san mai doki ya san yakan auna wa dokinsa hatsi ya sa masa harawa kafin shi ya karya kumallo.

Yanayin ƙasar yana da hannu a irin cututtuka da raunukan da ake gani. Kogin Haɗejiya yana bazuwa cikin fadamu ta Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri har ya dangana da Nguru, kuma tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta sauya: wasu wuraren sun bushe, wasu kuma ruwa ya kwanta a cikinsu shekara guda, kachala ta toshe hanyoyinsa. Da rani makiyaya kan kwararo fadama da garkunansu. Ruwan da ke kwance gida ne na ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar hanta, da ƙudaje masu cizo irin su bobuwa, waɗanda ke yaɗa cututtukan jini tsakanin raƙuma da dawaki. Dabbar da ta daɗe tsaye cikin laka kofatonta kan ruɓe. Saniya ramammiya kan kafe a taɓo, a fid da ita da igiya da ƙarfin samari, amma ta kasa miƙewa. A shekarun ambaliya irin 2020 da 2022 hanyoyi kan yanke, ƙauyuka su zama sai da kwalekwale, dabbar da ta ji rauni ta yi kwanaki ba wanda ya duba ta. A kan titi kuma manyan motoci na kaɗe jakuna da shanu da dare.

Dabbar da ake ci da wadda ba a ci

Ga saniya da tunkiya da akuya da raƙumi, al'ada ta daɗe da samar da mafita. Da zarar an ga alamar ba za ta tashi ba, sai a ce a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. A kira mai yanka, a kira mahauci, a rage asara. Ko da neman kuɗin ne ya fi ƙarfi a zuciyar mai ita, dabbar ta huta da wuri, kuma yanka da wuƙa mai kaifi a hannun gwani hanya ce mai sauri.

Sai dai wannan mafita tana da haɗurra guda biyu da likitoci ke yawan jan kunne a kansu. Na farko, dabbar da aka yi kwanaki ana ɗirka wa allurai namanta na ɗauke da ragowar magani. Kowane magani yana da adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa waɗanda sai sun cika a ci nama ko a sha nono, kuma yankan gaggawa ba ya jiran wannan lissafi. Na biyu ya fi muni. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi mara daskarewa yana fita ta hanci ko ta dubura, ana zargin ciwon saifa ne, kuma irin wannan ba a yanka ta, ba a feɗe ta. Ƙwayar cutar in ta sha iska takan yi wa kanta ɓawo ta zauna cikin ƙasa shekaru aru-aru, ta kuma kama mahauci da mai jima da mai ci. An sake tabbatar da ɓullarta a Najeriya a watan Yulin 2023, a wata gona da ke Suleja.

Malaman Malikiyya ma sun sa iyaka. Dabbar da mota ta buge, ko ta faɗo daga tudu, ko wata ta soke ta, in raunin ya kai ga abin da suke kira makisa, kamar tsinkewar lakar baya ko tarwatsewar ƙwaƙwalwa ko hujewar hanji, yanka ba ya halatta namanta. A irin wannan hali mai dabba kan janye hannu tunda ba abin da zai samu, dabbar kuwa tana nan da sauran numfashi. Yanka ta a nan yana da amfani ko da naman ba zai ciwu ba.

Matsala ta gaske tana ga dabbar da ba a ci. Jaki da doki da kare da kyanwa ba su da wannan ƙofa, domin babu mahaucin da ke jira. Tsohon jakin da ƙafarsa ta karye, abin da aka saba shi ne a kwance masa igiya a kora shi bayan gari. Nan zai tsaya da ƙafa uku a gefen juji, gyambon bayansa cike da ƙuda, yana lasar takardu da leda. In ya kwanta ba ya iya tashi, rana ta gasa gefe ɗaya, ƙasa ta ci ɗaya gefen, hankaki su fara taɓa idonsa tun yana motsi. Mai shi kuwa in an tambaye shi cewa zai yi bai iya kashe shi ba, ai rai na Allah ne. Tausayi ne ya sa shi faɗin haka, amma sakamakon tausayin nan a jikin jakin azaba ce ta mako guda ko fiye.

Cinikin fatar jaki ya buɗe wata hanya da wasu ke ɗauka mafita. Saboda buƙatar fatar a ƙasar Sin, inda ake dafa ta a yi magani, dillalai kan saye jakuna har da guragu a kasuwanni irin ta Maigatari, a loda su a mota zuwa kudancin ƙasar nan. Jakin da ba ya iya tsayuwa, tafiyar kwanaki a cunkushe ba ruwa ba abinci ƙarin wahala ce a gare shi. A watan Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna don fatarsu a nahiyar baki ɗaya.

Doki ya fi wuyar sha'ani. Haɗejiya ƙasar mahaya ce tun zamanin Sarki Buhari, har zuwa 1906 da Sarki Muhammadu Mai Shahada ya fuskanci sojojin Turawa, kuma har yau hawan salla ne ke tara gari. Mai doki ba ya son jin cewa an fid da rai da dokinsa. In aka samu karaya, maɗori ake fara kira, kuma gaskiya ne ɗori yana kama akuya da tunkiya da ɗan maraƙi. Babban doki daban ne. Ƙasan ƙafarsa ƙashi ne da jijiya da fata, ba tsoka mai kare shi, don haka karyayyen ƙashi kan huda fata ya fito, ƙwayoyin cuta su shiga. Nauyinsa ya yi wa ƙafa uku yawa, sai kofaton lafiyayyar ƙafar ya kumbura daga ciki ita ma ta lalace. Ba ya kuma jure doguwar kwanciya, huhunsa da hanjinsa ba sa ɗauka. Ko a ƙasashen da ke da manyan asibitocin dawaki, irin wannan karaya sau da yawa hutarwa ce ƙarshenta.

Abin da malamai suka ce

Maganar cewa rai na Allah ne ba ta hana yanka ragon layya ba, don haka tambayar da malaman fiƙihu suka duba ita ce ko ya halatta a yanka dabbar da ba za a ci ba don kawai a hutar da ita. Sun yi saɓani. Malaman Shafi'iyya sun hana. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a Haɗejiya da sauran ƙasar Hausa, ta halatta. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, littafin da manyan ɗalibai ke karantawa a zaurukan malamai, an ambaci halaccin yanka dabbar da ba a cin namanta idan an yanke ƙauna da rayuwarta, kuma masu sharhi sun ba da misali da jaki da alfadari da doki, suka ce dalilin shi ne a sauƙaƙa mata. An ruwaito daga Ibnul Ƙasim, ɗaya daga cikin malaman mazhabar, irin wannan hukunci game da dabbar da ta gaza a hanya a inda babu abin da za ta ci.

Tushen da ake komawa gare shi shi ne hadisin da Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu, wanda ke cikin Arba'una Hadisi, inda aka wajabta kyautatawa a kan komai har da kisa da yanka, aka yi umurni da wasa wuƙa da sauƙaƙa wa abin yanka. Ga kuma labarin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Abin takaici shi ne hukuncin yana cikin littattafan da ake karantawa a garin, amma bai isa kunnen mai jaki ba. Liman ɗaya da zai bayyana shi a huɗuba zai yi abin da likitoci goma ba za su iya ba, domin abin da ke hana mutane tsoron zunubi ne.

Yadda likita ke yanke shawara, da yadda ake aikin

Dabba ba ta faɗin inda ke mata ciwo, sai a karanta a jikinta. Likita yana duba ko tana ci tana sha, ko tana iya miƙewa da kanta, yadda take numfashi, bugun zuciya, launin dasashi da cikin fatar ido. Dokin da hanjinsa ya murɗe yakan yi ta birgima, yana waiwayen cikinsa, gumi na zuba, dasashinsa ya koma ja mai duhu, allurar kashe zafi kuma ta daina yi masa aiki. Saniyar da ta kwana biyu ko uku a kwance ba ta ko yunƙurawa, tsokar cinyarta ta riga ta mutu a ƙarƙashin nauyinta. Bayan wannan sai tambaya ta biyu, wadda ba ta da daɗi amma ba makawa: ko da akwai magani a duniya, akwai shi a nan, kuma mai dabbar zai iya? Tiyatar hanjin doki sai babban asibiti mai kayan aiki, kuma dokin da ke wannan hali ba zai kai asibitin Zariya daga Guri ba. Likitan kirki yakan faɗi gaskiya ba kwana-kwana. In dattijo ne ya ce masa, Baba, wannan dai sai haƙuri, duk abin da za a ƙara kashewa wahalarsa kawai zai tsawaita. Sa'an nan ya ba shi lokaci ya yi shawara da iyalinsa ko malaminsa, ya kuma karɓi yardarsa a gaban shaida ko a rubuce.

Hanyar da ta fi kowace sauƙi ga dabba ita ce allura. Ana fara ba ta maganin kwantar da hankali, a jira 'yan mintoci har kanta ya sunkuya, leɓenta ya saki. Sa'an nan a sa allura a jijiyar jini, ta wuya ga doki da jaki, ta ƙafar gaba ga kare da kyanwa, a tura maganin barci mai ƙarfi, galibi pentobarbital, fiye da abin da jiki zai ɗauka. Hankali ne ke fara gushewa cikin daƙiƙoƙi, numfashi ya biyo baya, zuciya ta tsaya daga ƙarshe. Doki faɗuwa yake yi daga tsaye, saboda haka ana zaɓar fili mai taushi, a riƙe ragama da kyau, a kawar da yara. Wajibi ne a gaya wa mai dabba tun da wuri cewa ido ba ya rufewa, kuma ana iya ganin jan numfashi ɗaya ko biyu, ko tsoka ta motsa, ko fitsari ya zubo, alhali dabbar ba ta jin komai. Wanda ba a gaya masa ba yakan tafi da zargin an azabtar da abinsa. Likita ba ya barin wurin sai ya saurari ƙirji ya ji shiru, ya taɓa ƙwayar ido ya ga ba ta ƙifta ba.

Wannan magani yana cikin waɗanda doka ta tsaurara, shigo da shi da ajiye shi sai da izinin hukuma, kuma ba kasafai ake samunsa a karkara ba. In babu shi, likita kan sa dabbar barci mai nauyi irin na tiyata, sa'an nan ya bi da wani sinadarin da ke tsayar da zuciya. Sharaɗin shi ne barcin ya riga ya kama sosai, domin in dabbar tana farke wannan allura azaba ce tsantsa. Harsashi ma hanya ce karɓaɓɓiya ga manyan dabbobi idan gwani ne ya harba. Kuskuren da aka fi yi shi ne auna tsakanin idanu, alhali ƙwaƙwalwa tana sama da nan. Ga doki da jaki ana ƙiyasta layi biyu daga kowane ido zuwa kunnen da ke ɗaya gefen, a auna ɗan sama da inda suka gicciye. Inda babu allura babu bindiga, yanka da wuƙa mai kaifi ya fi barin dabba ta mutu a hankali nesa ba kusa ba.

Akwai hanyoyin da ba su da wani uzuri: sa guba a abinci, ɗura fiya-fiya ko maganin ɓera, jifa, duka da kulki, ratayewa, da ɗaure 'yan kwikwiyo ko 'yan kyanwa a buhu a jefa kogi. Kundin dokokin hukunta laifuffuka na Arewa ya sa zaluntar dabba cikin laifuffuka, ko da yake da wuya a ji an gurfanar da wani a kansa.

Mahaukacin kare

Nan ne aka fi ganin mummunan kisa, kuma nan ne aka fi samun uzuri, domin tsoron na gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar haukan kare tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Da zarar alamunta sun bayyana, ga mutum ko dabba, babu magani. In an yi ihun mahaukacin kare a unguwa, samari kan bi shi da duwatsu da sanduna har su farfasa masa kai. Wannan yana jawo ƙarin cizo, yana watsa miyau a jikin mutane, yana kuma lalata ƙwaƙwalwar da ita ce ake gwadawa a tabbatar da cutar.

Ƙa'idar likitoci ita ce, karen da ya yi cizo amma lafiyarsa ƙalau a tsare shi kwana 10 ana ba shi abinci da ruwa. In ya wuce kwanakin garau, ba ya ɗauke da cutar a miyansa ranar da ya yi cizon. Wanda kuwa alamu suka bayyana gare shi, dalala da sauyin murya da cizon duk abin da ya gani ko shanyewar ƙafafun baya, a hutar da shi ba tare da an lalata kan ba, ma'aikacin dabbobi ya cire kan da safar hannu ya aika cikin ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda take aiki tun 1924. Wanda aka ciza ba ya jiran sakamako: ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti a fara masa allura. Bi gari ana zuba wa karnuka guba kuwa bai taɓa kawar da cutar ba. Abin da ke tsayar da ita shi ne yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki rigakafi.

Kisan da hukuma ke yi don tare annoba wani babi ne. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani a nahiyar Afirka, a wata gona da ke jihar Kaduna, aka hallaka kaji masu ɗimbin yawa a jihohin Arewa, aka kuma sa ido kan dausayin Haɗejiya da Nguru saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai suna yin hunturu a dausayin. A irin wannan hali yardar mai dabba ba sharaɗi ba ce, diyya ce haƙƙinsa. Amma ƙa'idojin Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya sun tanadi cewa ko a nan ma a yi kisan da sauri, ba tare da azabtarwa ba.

Wa zai yi, kuma ina za a kai gawar

A doka, likitan dabbobi shi ne wanda ke da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1952. Jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri sun daɗe suna yaye su, amma akasarinsu birane suke zama. Wanda makiyayi a Kirikasamma ko Birniwa ya fi haɗuwa da shi shi ne ma'aikacin lafiyar dabbobi, irin waɗanda kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗejiya ke horarwa, ko kuma mai tallar magani ranar kasuwa. Waɗannan ma'aikata su ne ya kamata a koya wa gane dabbar da ba za ta tashi ba, da yadda za su yi wa mai ita magana, da lokacin da za su kira likita. Kuɗi ma shinge ne. Talakan da jakinsa ya karye ya riga ya yi asarar abin neman abincinsa, da wuya ya sake biyan kuɗin allura da na man babur don dabbar da ba za ta ƙara yi masa aiki ba. In ba ƙaramar hukuma ko ma'aikatar da ke kula da dabbobi ce ta ɗauki wannan nauyi ba, jakin bayan gari zai koma.

Gawar dabbar da aka hutar da allura guba ce. Maganin yana zama cikin nama da hanta na tsawon lokaci, kuma kare ko dila ko ungulun da ya ci zai iya mutuwa. Ungulu kuwa ta riga ta yi ƙaranci a Arewa, har tun 2015 aka sa irin wadda aka saba gani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ba a sayar da irin wannan gawa, ba a ba karnuka, ba a yar da ita a fili. Binnewa ake yi a rami mai zurfin kamar mita 2, ko a ƙone ta ƙurmus.

A fadama binnewar ma sai an yi lura, domin ruwa yana kusa da sama, wani wurin kafin a yi gaba ɗaya an tarar da shi. Ramin da aka haƙa a kwari zai iya gurɓata rijiyoyin da masu noman rani ke ban ruwa da su, ambaliyar baɗi kuma ta tone shi. Shi ya sa ake neman tudu ko jigawa, nesa da rijiya da bakin kogi da burtali. Doki da jaki nauyi gare su, don haka in dabbar tana iya takawa, gara a haƙa ramin tukuna, a ja ta a hankali zuwa bakinsa, a yi aikin a can. In ciwon saifa ake zargi ba a jan gawar ko'ina: a toshe hanci da dubura, a ƙone ta a inda ta faɗi tare da ƙasar da jini ya taɓa, a killace wurin, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma don a yi wa sauran garken rigakafi.